Kwaɗo a Ƙofar Mai Aski

Kowace safiya, kafin ta tafi ciyar da ɓerayen jami'a, sai ta kulle ubanta a ɗaki.

Ba a ɓoye take yi ba, duk gidan hayar an sani. Za ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ba shi abin kari a baki, ta ajiye masa ruwa a kofin roba da abincin rana a kwanon da ba ya fashewa, ta tura bokiti mai murfi ƙarƙashin gado. Wuƙa da ashana da reza, har madubi, duk ta kwashe su tuntuni. Sannan ta ce, "Baba, bari in leƙa waje in dawo," ta ja ƙofa, ta ɗauko kwaɗo daga jikin ƙusa ta datse. Da kwaɗon ya ce ƙyas, sai bugu ya fara daga ciki. Ba da ƙarfi yake bugawa ba, da tafin hannu ne a hankali, irin na baƙon da ke jin nauyin masu gida. Bugun nan ke raka ta har bakin titi, wani lokacin ma tana cikin mota tana jin sa, ko da yake ta san kunnenta ne kawai.

A jami'a ba mai kiranta da sunanta. Uwar Ɓeraye suke ce mata, tun daga ɗalibai har Farfesan da ke shugabantar sashen haɗa magunguna, kuma tana amsawa, don ta ga ba ƙarya suka yi mata ba. Gidan ɓerayen wani gajeren gini ne a bayan sashen, ba shi da taga, sai ƙofa biyu a jere. Ka shiga ta farko ka tarar da ɗan soro inda za ka wanke hannu ka sa farar riga da takunkumi, sannan ka tura ta biyu mai gilashi. A ciki kejina ne jere a kan kantoci, cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu waɗanda ake gwada magani a kansu. Ita ke sauya musu dusar katakon da suke kwana a kai, ita ke wanke kwalaben ruwansu, ta auna abinci, ta duba ma'aunin zafi da ke jikin bango, ta ware mai ciki, ta fitar da wanda ya mutu. Ba Asabar ba Lahadi, don ɓera bai san hutun ƙarshen mako ba.

Su kuwa ɓerayen nan 'yan gata ne na gaske. Esi biyu gare su, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Janareto nasu na kansu. In aka ɗauke wuta, sai ka ga manyan malamai a ofis suna fifita da takardun ɗalibai suna tsiyayar gumi, ɓeraye kuwa ko gezau. Har kwamiti guda aka kafa don kare haƙƙinsu, ya hana a yi musu hayaniya, ya hana a bar su da ƙishi, ya hana a wuni ba a leƙa su ba. Ita dai ba ta taɓa jin haushin ɓerayen ba, me suka sani? Amma duk sanda sanyin ɗakin ya daki fuskarta da safe, sai ta tuna rufin kwanon da ta baro tsoho a ƙarƙashinsa.

Ba wannan aikin ta yi buri ba. Aikin jinya ta so karanta, sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo shekarar da ta gama sakandare, ta yi jinyar a gida ba takarda ba albashi, har Allah ya karɓi abinsa. Daga nan ta samu shara a jami'a. Da tsohon mai kula da ɓerayen ya yi ritaya aka nemi magaji, maza suka noƙe, mata suka ce Allah ya kiyaye, ita ta ce a ba ta. Wadda ta wanke uwa a kwance, kashin ɓera ba zai ɗaga mata hankali ba. Mijinta direban babbar mota ne, mutumin kirki, sai dai hanya ta fi ta ganinsa. 'Yarsu ɗaya, ba ta isa makaranta ba, ƙarama mai bakin tsiya, ana ce mata Tsigi. Wurin maƙwabciyarsu mai ɗinki take wuni, tana tsintar ƙyallaye a gindin keke.

Shi kuwa tsohon, mai aski ne a zamaninsa, kuma duk wanda ya san shagonsa na bakin tasha ya san ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tashi. Askin ma dalili ne kawai, hira ita ce sana'ar. Mai gashi ya zo, mai sanƙo ma ya zo ya zauna a benci, ba abin da za a aske masa amma ba zai tafi ba. Mutum ne da in ya rasa abokin magana sai ya tare mai wucewa ya tambaye shi lafiyar kakarsa. Mantuwa ta shigo masa a hankali. Ya fara da neman almakashin da ke hannunsa. Ranar da ya aske wa wani rabin kai, ya ajiye kilifa ya fita bai dawo ba, ranar aka rufe shagon, ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Sai fita ta zame masa ciwo: ya sa hula ya ce zai je buɗe shago, a tsince shi a wata unguwa. Mai ɗinki ta gwada riƙe shi tare da Tsigi, amma ido biyu ba sa iya bin allura da yara da tsoho mai saurin ƙafa. Da aka tsamo shi daga kwalbati a bayan kasuwa, leɓe a fashe, riga sharkaf da ruwan kwata, yana ta ba mutane haƙuri wai ya ɓata musu lokaci, sai ta biya ta sayi kwaɗo.

Tana da wa a wani gari, gwanin aiko saƙon murya. Kullum zai fara da gyaran murya kamar mai shirin wa'azi. "Ƙanwata, wai me nake ji? An ce kulle Baba kike yi? Haba, ai wannan abin kunya ne a gare mu. Ki riƙa haƙuri da shi, lada kike samu." Ta taɓa ce masa, "To Yaya, zo ka ɗauke shi ka samu ladan kai ma." Daga ranar sai da wayarsa ta yi wata guda ba ta shiga.

Ana cikin haka jami'a ta tashi da sabon zance. Wasu baƙi masu auna darajar jami'o'i za su zo daga ƙasar waje, kuma cikin abin da suke dubawa har da yadda ake tallafa wa ma'aikatan da ke renon yara da jinyar tsofaffi. Nan da nan tausayi ya sauko wa manya kamar ruwan sama. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka je otal aka yi taro, aka sha lemo, aka dawo da suna: Ɗakin Hutun Iyali. Ma'aikaci zai zo da ɗansa ko tsohonsa da safe ya ajiye, a kula masa da shi, in ya tashi aiki ya ɗauki abinsa. Da ta ji sanarwar, a gaban ɓeraye ta yi kuka, takunkumin ya jiƙe har sai da ta sauya. Ta riga ta hango kanta tana jefa kwaɗon nan a kwata.

Sai dai da masu digirin nan suka zauna neman inda za a sa ɗakin, ba su tambayi kansu ina tsoho zai iya zuwa ba. Ina baƙi za su bi, shi suka tambaya. Baƙi kuwa zauren taron majalisar jami'a za su, can ƙololuwar babban bene, inda kafet yake. Saboda haka aka kwashe tsofaffin fayiloli daga ɗakin da ke kusa da zauren, aka yi fenti, aka rataya labule. Lif ɗin ginin, wanda ke kai mutane sama, ya mutu tun tana shara, gizo-gizo har jikoki ya yi a ciki. Cikin kwamitin nan kaf, ba wanda abin ya faɗo masa a rai.

Ita ba ta damu ba. Ko a saman bishiya aka sa ɗakin za ta san yadda za ta kai shi. Ta fara zarya ofishin shugabar sashen walwalar ma'aikata, wata mace mai ƙamshin turare da zobba a kowane yatsa, wadda ake kira Madam Walwala. Amsa ɗaya take samu: sai an ƙaddamar. Ta je, sai an ƙaddamar. Ta koma, sai an ƙaddamar. Rannan sai ga masinja ya zo har gidan ɓeraye, yana toshe hanci, wai Madam na nemanta.

"Ke ce mai tsohon nan ko?" in ji Madam, ba ta ma ɗago daga wayarta ba. "Yana da kyan gani?"

"Ranki ya daɗe?"

"Ina nufin ba ya dalalar da miyau, ba ya ihu? Masu fara'a muke so. Jibi baƙi za su zo. Ki wanke shi tas, ki sa masa fararen kaya. In kina da yarinya ki haɗo da ita, yaran ma ba su ishe mu ba."

Ubanta ake zaɓe kamar tumatir a faifai. Ta ji kamar ta tofa wa teburin yawu, amma ta haɗiye, ta ce, "To, ranki ya daɗe." A ranta ta ce in dai ya sa ƙafa sau ɗaya, ai ya shiga ke nan.

Ranar da safe ba ta taɓa kwaɗo ba. Ta sa masa farar riga da hularsa ta zuwa shago, ta riƙo Tsigi, suka hau mota. A gindin benen leburori ke jira da kujerar ofis. Suka ɗora shi suka cicciɓa, yana lilo a sama yana yi musu sannu, yana tambayar kowa ɗan gidan wane ne. A ɗakin suka tarar da tsofaffin da aka tattaro: uwar wani direba, da wata makauniya kakar mai shara, da wani tsohon mai ban ruwan furanni da ya yi ritaya, wanda ba shi da kowa a jami'ar, aro shi aka yi aka sa masa sabuwar hula. Ga gadaje da katifu a cikin leda, ga talabijin, ga furannin roba, ga kayan wasa su ma a cikin leda. Aka aro ma'aikaciyar jinya daga asibitin jami'a ta tsaya a kusurwa da farin kaya. Tsigi ta samu 'yar tsana ta sa haƙori za ta yage ledar, Madam ta yi wuf ta fizge.

"A'a, a'a! Riƙewa kawai ake yi, ba a buɗewa."

Amma tsoho fa ya samu duniya. Suka haɗu da mai furanni a kan benci, hira ta ɓarke. Ba ruwansu da cewa wannan na zancen tasha wancan na zancen taki, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Ya juya ya tsokani makauniya, ta rama, uwar direba ta shiga. Sai ga dariyarsa, wadda yake yi har kafaɗunsa na rawa. Uwar Ɓeraye ta jingina da bango. Ta manta rabon da ta ji wannan dariyar, sai ta ji ta yafe wa Madam tumatir ɗin da komai.

Can sai ga shugaban jami'a ya shigo da baƙi, manya na biye suna murmushin da aka tanada. Ana cikin jawabi tsoho ya ƙura wa kan shugaban ido, ya miƙe, ya zagaya bayansa.

"Yaro, wa ya yi maka wannan aika-aikar? Zauna in gyara maka ƙeya."

Manya suka kalli juna. Aka fassara wa baƙi, baƙi suka tuntsire da dariya. Da shugaba ya ga baƙi na dariya shi ma ya yi, da manya suka ga shugaba ya yi su ma suka yi, har da masu riƙe ciki. Mai hoto ya ɗauka daidai lokacin da tsoho ya dafa kafaɗar shugaba, baki har kunne. Daga nan aka wuce da baƙi zaure cin abinci.

Sai tsoho ya ja gefen mayafinta, ya rage murya. "Uwata, zan zaga."

Har daɗi ta ji, don ba kullum yake faɗa ba. Banɗakin na cikin ɗakin, masai na tangaran fari ƙal, da ƙarfen dafawa a bango domin tsofaffi. Ta zaunar da shi, ya gama, ta gyara shi. Ta danna abin sakin ruwa, shiru. Ta buɗe famfo, shiru. Ta fita ta roƙi bokitin mai shara ta zo ta sheƙa. Sai komai ya ɓullo ta ƙasa. Ashe masan ɗora shi kawai aka yi a kan tayil aka shafa masa siminti a gindi, ba rami, ba bututu. Ruwan ya malalo da abin da ya ɗauko, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa tsakanin gadaje, ya fita baranda, ya sami kafet ɗin da ya nufi zaure ya kwanta a kai.

Madam Walwala ta iso da gudu, gefen gyale a hanci, cokali mai yatsu a ɗaya hannun.

"Wa ya ce a yi amfani da shi?"

"Ranki ya daɗe, masai ne."

"Na nuni ne! Na nuni ne, baiwar Allah! Ke ba ki da hankali ne?"

Aka rufe ƙofar zaure da sauri, aka fesa turare, aka fitar da baƙi ta ɗaya matakalar. Ba su ga komai ba. Ita ta durƙusa da tsumma tana kwashewa, abin da ta saba, kuma ba shi ya tayar mata da zuciya ba. Abin da ya tayar mata da zuciya shi ne ƙarfen dafawar nan. Wani ya zauna ya tuna cewa tsoho na buƙatar abin dafawa in zai zauna, ya sa aka kafa, ya san sarai ba a yi ramin ba. Tsoho na tsaye a gefe da wando a hannu, yana bin duk mai wucewa da "A yi haƙuri, a yi haƙuri," ba mai amsa masa.

Da ta gama, leburori sun tafi wawar ragowar abinci. Ta cire mayafi ta goya ubanta, ta ɗaure a ƙirji. Ta riƙa saukowa hawa bayan hawa, ƙafafunsa na bugun ƙwaurinta, Tsigi na riƙe da gefen zanenta tana kukan 'yar tsana. Malamai na hawowa suna raɓewa jikin bango su ba ta hanya, wasu har da "Sannu, Uwar Ɓeraye." Ba wanda ya ce kawo in kama miki.

Washegari ta tashi ta tarar da shi zaune a bakin gado da hula a kai. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abinci, mutumin da wani lokaci yake tambayarta ita 'yar wace ce, ya riƙe ɗakin nan daram.

"Uwata, mu tafi shago. Mutane na jira."

Dole ta kulle shi ta tafi aiki. Ranar ya daɗe yana bugun ƙofa, in ji mai ɗinki, har bayan azahar.

Ta koma wurin Madam. Kwamiti ya riga ya zauna a kan abin da suka kira "abin takaicin da ya faru," ya kuma fitar da ƙa'ida. Ɗakin Hutun Iyali zai karɓi tsohon da zai iya hawa benen da ƙafarsa, wanda ke iya riƙe kansa, wanda ya san inda yake. Yara kuma sai waɗanda ba sa ɓarna.

"Ranki ya daɗe, wanda zai iya duk wannan, me zai zo yi?"

"Ba ni na tsara ba," in ji Madam. Ta juya zobe a yatsanta, sannan ta ce a hankali, "Ni ma tawa uwar tana gida a kwance. Kina ganin na kawo ta?" Sai kuma ta gyara zama, ta ɗauki waya, zancen ya ƙare. Da Uwar Ɓeraye ta hau ta leƙa, ta tarar da ɗakin a rufe, an saƙala masa ƙaton kwaɗo sabo fil, ya fi nata kyau.

Jami'a ta samu darajar da take nema. Aka kafa ƙaton allo a babbar ƙofa, ga shugaba, ga tsoho dafe da kafaɗarsa yana dariya, a ƙasa an rubuta: Jami'armu, gidan iyalinku. Yayanta ya ga hoton a waya, ya aiko saƙon murya mai tsawo yana sa wa jami'a albarka. "Kin gani ko? Dama na ce miki a daina kulle shi." Kullum ta ƙarƙashin allon take wucewa, kanta a sunkuye, makullin kwaɗo a ƙulle a bakin zane.

Da bugun ya ishe ta, sai ta yi abin da ta san bai halatta ba. Ta sa masa hula, ta zo da shi gidan ɓeraye, ta ajiye masa kujera a ɗan soron da ke tsakanin ƙofofin nan biyu. Sanyin esi na ɗan zubowa ta ƙasan ƙofa, ga ruwa, ga ita tana ganinsa ta gilashi. Tsoho ya ce shagon ya yi kyau, sai dai ba madubi. Ya riƙa leƙen ɓeraye yana yi musu hira, yana ce musu bayin Allah, yana yi wa masu dogon gashin baki faɗa. Ɗaliban da ke zuwa ɗaukar jinin ɓeraye suka saba da shi, su durƙusa su gaishe shi, shi kuma ya duba kan kowa ya yanke masa hukunci. Abincinsa ya ƙaru. Da yamma su koma gida tare, ya kwanta ya yi barci kamar wanda ya wuni yana aski. Kwaɗo ya zauna a jikin ƙusa har ya fara yin ƙura.

Rannan Farfesa ya shigo ba zato, da wata mata daga kwamitin kare haƙƙin dabbobi. Ya ja ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Mahaifina ne, yallaɓai."

Farfesa ba mugu ba ne, kuma da a ce mugu ne da abin ya fi sauƙin haɗiya. Ya russuna ya ce, "Sannu Baba, ai na gan ka a allo." Sannan ya juya gare ta, ya yi magana cikin taushin murya, a gaban tsohon, kamar yadda ake magana a gaban kujera. Ya ce muryar baƙo na ta da hankalin ɓeraye. Ya ce warin jikin wanda ba su saba da shi ba na sauya musu jini, aikin ɗalibai ya lalace. Matar kwamiti ta ƙara da cewa surutu na hana su barcin rana, kuma an lura suna firgita.

"Dabbobin nan amana ce a hannunmu," in ji Farfesa. "Ba za mu zalunce su ba. Ai jami'a ta yi muku ɗaki musamman, ki kai shi can mana. In na sake ganinsa a nan, dole in nemi wani ya riƙe wurin, kuma ba na so a kai ga haka."

Ta buɗe baki za ta ba shi labarin benen da masan da ƙa'idar, sai ta ga ya riga ya sa takunkumi ya tura ƙofa ta biyu, yana tafiya a kan yatsun ƙafa don kada ya tashi ɓeraye. Ta waiwaya. Tsoho na zaune a miƙe, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana kallon ƙasa. Har suka isa gida bai ce uffan ba.

Da safe ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ba shi abin kari. Ta ajiye ruwa da kwano, ta tura bokiti ƙarƙashin gado. Bai nemi hula ba. Ta kai Tsigi wurin mai ɗinki ta dawo, ta miƙa hannu jikin ƙusa, ba kwaɗo. Ta duba ƙasa, ta duba bayan ƙofa, ta ɗaga tabarma. Sai ta ji ya ce, "Ungo."

Yana zaune a bakin gado, kwaɗon a tafin hannunsa, ya goge masa ƙurar da gefen riga. Idanunsa tar, irin na da, na mutumin da ya san ta ya san kansa.

"Baba..."

"Rufe, uwata. Jeki, kada bayin Allahn nan su ji yunwa. An ce surutuna na damunsu."

Ta karɓa. Ba ta iya cewa bari in leƙa waje in dawo ba. Ta ja ƙofa, ta saƙala, kwaɗo ya ce ƙyas. Ta tsaya tana jiran bugun, jaka a kafaɗa, rana na ɗagawa, motoci na wucewa a titi. Ba a buga ba. Ta ƙara jira. Can ta ɗaga hannu ita da kanta, ta bugi ƙofar da tafi, a hankali.

"Baba?"

"Jeki abinki," ya ce daga ciki. "Ai na yi shiru."